Darasi Ga Masu A-kori-kura: Kulle Mota Da Buɗe Ta Da Makullin Rimot

Darasinmu na wannan fitowa a kan a-kori-kura ne, watau motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake lodin buhuna a cikinta, irin su Toyota Hilux, musamman waɗanda ake kullewa a buɗe ba tare da an zura makulli a ƙofa ba.

Ku sani, a zamanin Peugeot 404 mutum murɗa makulli yake yi, ya ji ƙarfe ya kama a hannunsa, shi ke nan ya tabbata ƙofa ta kullu. Yanzu kuwa sai a danna daga nesa a yi gaba, hannu bai shaida kome ba, alhali jakar kuɗi da takardun mota suna ƙarƙashin kujera. Ta nan ɓarna take shigowa.

Makullin iri biyu ne a wurinmu. Akwai rimot mai madanni, wanda sai ka danna ƙofa ta amsa, irin da aka fara sa wa motar Renault Fuego ta Faransa a 1982. Akwai kuma makullin aljihu, wanda ba sai ka fito da shi ba: muddin yana jikinka, kuma kana kusa da ƙofa ƙasa da mita 1, da ka taɓa mariƙin ƙofa ko ka danna ɗan madannin da ke jikinsa sai ta buɗe, ka shiga ka tayar da inji da yatsa. A Amurka kamfanin Ford tun 1980 yana sa wa wasu motocinsa lambobi a jikin ƙofa, ana dannawa ta buɗe, har da a-kori-kurarsu F-150, amma wannan ba kasafai ake ganinsa a tashoshinmu ba, bari mu bar shi.

To, abu na farko shi ne kullewa. Idan ka danna, tsaya ka duba da idonka. A motocin Toyota fitilun sigina suna ƙiftawa sau ɗaya in ta kullu, sau biyu in ta buɗu. In ba su ƙifta ba, ko ka ji doguwar ƙara, to akwai ƙofar da ba ta rufu sosai ba, ko makulli yana ciki. Sa'an nan ka ja ƙofa da hannu. Dalili kuwa, saƙon rimot ta iska yake tafiya kamar na rediyo, kuma ana iya toshe shi. Akwai ɓarayi masu riƙe wata 'yar na'ura da ke cika iska da hayaniya a daidai lokacin da kake dannawa, mota ba ta ji umurninka ba, kai kuwa ka riga ka juya baya ka shiga rumfa. Wannan sata ta yi suna ƙwarai a wuraren ajiye motoci na Afirka ta Kudu. Ba a fasa gilashi, ba a lalata ƙofa, in ka dawo ka ce an yi maka sata sai a ce kai ne ba ka kulle ba.

Amma fa mai makullin aljihu ya lura da wani abu. In ka kulle, ka tsaya, sa'an nan ka kama mariƙin ƙofar direba don ka gwada, motar za ta ɗauka buɗewa kake so, ta buɗe maka, ka tafi ka bar ta a buɗe da hannunka. Dabarar ita ce ka ja ƙofar baya, in motar mai ƙofa huɗu ce, domin yawanci na'urar jin makullin a ƙofofin gaba kaɗai take.

Haka kuma motar ba ta san mai ita ba, makulli kaɗai ta sani. Alhaji yana tsaye jingine da ƙofa a Dawanau, ya ba ta baya yana lissafin buhunan masara da dillali, makulli yana aljihun rigarsa. A wannan hali kowa ya kama mariƙin ƙofar nan za ta buɗe masa. Saboda haka in za a yi dogon ciniki, a matsa daga jikin ƙofa taku uku ko huɗu. In kuwa ka danna buɗewa bisa kuskure, yawancinsu suna sake kulle kansu bayan daƙiƙa 30 ko 60 matuƙar ba a buɗe ƙofa ba. Da an buɗe ƙofa ɗaya ko da kaɗan, wannan alkawari ya warware.

Yanzu ga wurin da direbobi suka fi shan wuya. Injin da aka riga aka tayar ba ya mutuwa don makulli ya yi nisa. Mota za ta yi ƙara, ta nuna gargaɗi a gaban direba, amma za ta ci gaba da tafiya. Ke nan in maigida ya tayar da mota da makulli a aljihunsa, ya sauka a Kantin Kwari, ya ce wa direba ya wuce Katsina da kaya, direba zai tafi lafiya lau, sai ya tsaya shan mai ya kashe inji, daga nan ba ta sake tashi, makulli yana Kano. Wanda zai riƙe sitiyari, shi ya kamata ya riƙe makulli, a miƙa masa hannu da hannu kafin a yi sallama. Kuma wannan hali shi ne ya sa barin inji yana aiki don a shiga shago na minti ɗaya ganganci ne, ko da makullin yana tare da kai, domin wani yana iya shiga ya ja ta. Har rai ma abin yana ci: a 2018 jaridar New York Times ta ƙirga mutum 28 da suka mutu a Amurka tun daga 2006 saboda hayaƙin motocin da aka manta ba a kashe ba a cikin garejin gida. A saba da duban allon gaban direba, a ga ya mutu, kafin a fita.

Batun bodi kuwa, kada danna rimot ya ruɗe ka. A yawancin a-kori-kura ƙofofin ɗakin direba kaɗai yake kullewa. Murfin baya yana nan yadda ka bar shi, kayan da ke bodi kuma ba su da mai tsaro sai tamfol da igiya da idon yaron mota. Kada kuma a cire riga a jefa ta a bodi lokacin lodi alhali makulli yana aljihunta, ko a ajiye shi a kan dashbod ko a aljihun ƙofa. A waɗannan wurare mota tana iya ɗauka makullin yana waje, ta yarda a kulle ta yana ciki.

Da dare, makullin aljihu ba ya barci, yana nan yana sauraren kiran motarsa. Ɓarayi biyu sukan haɗa kai, ɗaya ya tsaya jikin katanga da na'ura, ɗaya jikin mota, su ɗauko saƙon makulli daga cikin gida su kai wa motar, ta buɗe ta tashi kamar mai ita ne ya zo. Don haka kada a rataye shi a zaure ko kusa da taga. A kai shi ƙuryar ɗaki, a sa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Ka gwada gwangwanin tukuna: rufe makullin a ciki, je jikin mota da shi, in ƙofa ta buɗe, nemi wani. Makullan Toyota da yawa ana iya sa su barci: ka danne madannin kullewa, kana riƙe da shi ka danna na buɗewa sau biyu, 'yar fitilarsa ta ƙifta sau 4. Da safe ka danna kowane madanni ya farka.

Batirinsa ɗan faifai ne kamar kwabo, mai ƙarfin bolt 3, yawanci lamba CR2032, amma a buɗe a karanta lambar kafin a saya. Yakan yi shekara 1 zuwa 2. In ka ga sai ka matso sosai kafin mota ta amsa, ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ajiye shi kusa da waya ko caja ko talabijin yana shanye shi da wuri, ruwa kuma maƙiyinsa ne, mai sunkuyawa alwala ya kula da aljihun gaba. In ya mutu a hanya ba a rasa mafita ba: cikin cikinsa akwai siririn makullin ƙarfe, a zaro shi a buɗe ƙofar direba, in ƙararrawa ta tashi kada a firgita, a taka birki, ko kuloci in mai giyar hannu ce, a manna makullin a jikin madannin tayar da inji, a danna. Sai dai ramin makullin nan da ba a taɓa amfani da shi ba ƙurar hunturu takan toshe shi, shi ya sa yake da kyau a riƙa murɗa shi ko sau ɗaya a wata.

Mai sayen mota ta hannu, ko ta Kwatano ce ko ta gida, ya tambayi makulli nawa take da su, ya gwada kowanne a gaban dillali, kada a yi cinikin biri a sama. In an ce ɗaya ya ɓata, a kai ta wurin mai gyara da kwamfuta ya goge ɓataccen daga ƙwaƙwalwar motar, in ba haka ba duk wanda yake riƙe da shi yana da iko da ita kamar kai. Wajen sayen sabon rimot kuma a faɗa wa mai sayarwa ƙasar da motar ta fito, domin kowace tana da zangonta kamar tashar rediyo: na Amurka yawanci a kan megahaz 315 suke, na Turai a kan 433, kuma na wannan ba ya kiran motar wancan.

Sai fitowa ta gaba.