Awon Jini Domin Gano Sankarar Hanta Da Wuri

Hanta ba ta da saurin nuna ciwo. Sankara takan daɗe tana girma a cikinta mutum yana noma, yana cin kasuwa, bai ji kome ba. Sai ciki ya kumbura, idanu sun yi shawara, jiki ya rame, sa'an nan a garzaya asibiti, alhali kuwa a lokacin magani ya yi wuya. Saboda haka ne likitoci suka nemi alamar da za ta tona asirin cutar tun tana ƙarama, suka kuwa same ta a cikin jini.

Alamar ita ce wani sinadari da ake kira AFP. Hantar jariri takan yi shi da yawa tun yana ciki, bayan haihuwa ya ragu ƙwarai. A shekarar 1963 wani masani na Rasha, Abelev, ya ga sinadarin ya dawo a jinin ɓerayen da ke da sankarar hanta, a 1964 kuma Tatarinov ya tabbatar da haka a jikin mutane. Amma awon AFP shi kaɗai ba hukunci ba ne. Yakan hau a jinin mai juna biyu da na mai kumburin hanta, wani kuma yana da sankarar amma awonsa bai hau ba. Don haka ake haɗa shi da hoton ciki na na'ura. A Japan ana ƙara wasu awon guda biyu, AFP-L3 da DCP.

Ba kowa ne ke bukatar wannan awo ba. Masu bukatarsa su ne waɗanda hantarsu ta riga ta ƙanƙance, da masu ɗauke da ƙwayar cutar hanta iri na B, wadda ita ce babbar mai jawo sankarar a ƙasar nan. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ɗauke da ita, galibi ba da saninsu ba. Awon farko ke nan da ya kamata kowane baligi ya yi. Wanda likita ya ce yana cikin haɗari, sai ya riƙa yin awon AFP da hoto kowane wata 6, ko da yana jin lafiya garau.

Manoman Kagoma da kewayen Kafanchan suna da wani dalili na ƙarin kula. Damina a kudancin Jihar Kaduna ta fi ta Kano tsawo da laima, masara da gyaɗa kuwa in an zuba su a rumbu ba su bushe sarai ba, sukan yi fumfuna mai dafi da ake kira afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi, kuma in ya gamu da ƙwayar B a hanta ɗaya, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Mai son awo ya fara da babban asibitin Kafanchan. In ana bukatar ƙarin bincike, likita zai tura shi asibitin koyarwa na Jos ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Jarirai kuwa, tun 2004 aka sa rigakafin ƙwayar B cikin alluransu a Nijeriya, ta farko ana yin ta cikin sa'a 24 da haihuwa.