Fitilun Motata Sun Yi Hazo, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Fitilun motata sun yi rawaya, da dare ba na ganin hanya sosai. Sai na sayi sabbi ke nan?

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar kashe kuɗi. Murfin fitilun motocin zamani roba ce mai ƙarfi da aka shafa wa kariya daga hasken rana. Zafin ranarmu da ƙurar hunturu ne ke cinye wannan kariya, sai robar ta dushe.

Fara duba ko hazon a waje yake. In gumi ne a ciki, ruwa na shiga ta wata kafa, sai bakanike ya toshe ta. In a waje ne, wanke da sabulu, ka liƙa salatef a gefe don kare fenti. Jiƙa sanfefa mai lamba 1000 ka goga a hankali, ka bi da 2000, sannan 3000, kana ta zuba ruwa. Za ka ga robar ta ƙara fari, kada ka tsorata, man goge fenti zai dawo da sheƙinta. Daga ƙarshe mai fenti ya fesa mata ruwan kariya daga rana, in ba haka ba hazon zai dawo cikin 'yan watanni.

Man goge baki yana ɗan taimakawa, amma ba ya daɗewa. Ka guji fetur da man birki, suna tsattsaga robar. In ta riga ta tsage, canji ne kawai mafita. Allah ya tsare hanya.