8,388,608: Lambar Da Ta Sa 'Yan Uwa Ba Sa Kama

Rannan ina cikin bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, sai na ji wasu mata biyu suna gulmar wata maijego, wai jaririnta bai ɗauko kowa ba a dangin mijinta. Irin wannan zance ya sha kashe aure. Da sun san lambar nan 8,388,608, da sun kama bakinsu.

A shekarar 1956 masana biyu, Tjio da Levan, suka tabbatar cewa ƙwayar halittar ɗan Adam tana ɗauke da zaren gado 46, waɗanda ake kira kromosom. Suna zaune biyu-biyu, wato tagwaye 23. Yayin da jiki zai ƙera ƙwayar maniyyi ko ƙwan mace, guda ɗaya yake ɗauka daga kowane tagwai. To, zaɓi biyu ke nan har sau 23. Idan ka jera 2 guda 23 ka ninka su da juna, amsar ita ce 8,388,608. Mai ƙirga ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe kwana 97 yana ƙirgawa.

Yanzu mu duba halayenta. Na farko, cika ce, ba mara ba. Na biyu, lambobi 24 kaɗai ke raba ta ba saura: 1, 2, 4, 8, har zuwa ita kanta. Na uku, idan ka tara su duka ban da ita, za ka sami 8,388,607. Kammalalliyar lamba ita ce wadda wannan jimla ta yi daidai da ita, kamar 6, domin 1+2+3=6. Tamu kuwa ta gaza da ɗaya tak, don haka tana ajin masu giɓi.

Ita ma 8,388,607 tana da labari. Wani masani ɗan Italiya, Cataldi, ya ce babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. A 1640 Fermat na Faransa ya nuna kuskure ne, domin 47 sau 178,481 ita yake bayarwa. Ashe zato ba hujja ba ne, ko da daga bakin malami ya fito.

Mu koma ga jaririn. Uba yana da hanyoyi 8,388,608, uwa ma haka. Ninka su, za ka wuce tiriliyan 70, ban da musayar da zarurrukan ke yi tsakaninsu. Saboda haka yaro yana iya ɗauko hancin kakar da ba wanda ya tuna kamanninta. Rashin kama ba shaida ba ne a kan uwa.

Aikin gida: masara tana da tagwaye 10. Hanyoyi nawa ke nan? Malamai, a bar ɗalibai su ninka da hannu.