Allurar Ɗinki Mai Nuna Arewa: Yadda Ake Haɗa Kamfas a Gida

A watannin hunturu, idan hazo ya sauka, rana kan dusashe har matafiyi ya kasa bambance gabas da yamma, da dare kuwa taurari su ɓuya. Wanda ya shiga dajin da bai sani ba a irin wannan yanayi yana iya yini yana kewaya wuri ɗaya. Irin wannan matsala ce ta sa matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna dogaro da kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa ko da rana ko ba rana. Abin sha'awa shi ne, kowane ɗalibi zai iya haɗa nasa da allurar ɗinki.

Taƙaitaccen Tarihi

Wajen shekarar 1088 wani masani na ƙasar Sin, Shen Kuo, ya rubuta cewa allurar da aka goga da dutsen maganaɗisu tana nuna kudu. A ƙarshen ƙarni na 13 Sarki al-Ashraf Umar na Yaman ya bayyana yadda ake ɗora irin wannan allura a kan ruwa domin gano alƙibla. Amma dalilin da ya sa take juyawa bai fito fili ba sai a 1600, lokacin da wani likitan Ingila, William Gilbert, ya nuna cewa ita kanta duniya ƙaton maganaɗisu ce.

Kayan Aiki

Ana buƙatar allurar ɗinki, da maganaɗisu, wanda wasu ke kira mayen ƙarfe, da guntun ɓargon karan dawa, da ƙwarya ko robar ruwa mai faɗin baki. Ana samun maganaɗisu mai ƙarfi a bayan lasifikar tsohuwar rediyo.

Yadda Ake Haɗawa

1. A riƙe allurar ta wajen kafarta. A ɗora gefe ɗaya na maganaɗisun a kanta, a ja shi daga kafa zuwa tsini.
2. A ɗaga maganaɗisun nesa da allurar, a dawo da shi wajen kafa, a sake ja. A maimaita haka sau 40 zuwa 50, ba tare da sauya gefe ba, ba kuma tare da gogawa gaba da baya ba.
3. A gwada allurar a kan wata allura ko garin ƙarfe. In ta janyo shi, aiki ya yi.
4. A soke allurar a tsakiyar ɓargon karan ta yadda tsini zai fito ta wani gefe, kafa ta wani. A yi hattara da yatsu.
5. A ɗora ta a tsakiyar ruwan, inda babu iska, a jira ta natsu.

Allurar za ta juya a hankali ta tsaya, baki ɗaya yana duban arewa, ɗayan yana duban kudu. In aka karkata ta da tsinke, za ta komo inda take.

Me Ya Faru Cikin Allurar?

Ɗalibai da yawa kan zaci wani abu ne ya fita daga maganaɗisun ya shiga allurar. Ba haka ba ne. Cikin ƙarfe akwai ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowanne tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Kafin a goga allurar, kowane yanki da inda ya fuskanta, kamar ɗalibai a filin makaranta lokacin tara, saboda haka ƙarfin wannan yana kashe na wancan. Gogawa ta fuska ɗaya ita ce ƙararrawar da ke sa su shiga layi, sai ƙarfinsu ya haɗu. Wannan ne ya sa in allurar ta karye biyu, kowane ɓari zai zama cikakken maganaɗisu mai bakin arewa da bakin kudu. Duka ko zafi kuwa yana wargaza layin. Ƙarfe yana rasa wannan hali gaba ɗaya in zafinsa ya kai digiri 770 a ma'aunin Selshiyos.

Sauran aikin duniya ce ke yi. Kimanin kilomita 2,900 a ƙarƙashin ƙasa akwai narkakken ƙarfe mai motsi, kuma motsin nasa ne ke haifar da ƙarfin maganaɗisu da ya kewaye duniya. Wannan ƙarfi ba shi da yawa, bai isa ya motsa allurar da ke kwance a kan tebur ba. Amfanin ruwa da ɓargon kara shi ne su sakar mata mara ta juya.

Inda Kamfas Ke Yin Ƙarya

Kamfas ɗin da ba a tantance ba ya fi rashinsa haɗari, domin zai ɓatar da mai shi alhali yana cike da tabbaci. Akwai abubuwa uku da ya kamata malami ya jawo hankalin ɗalibai a kansu.

Na farko, allurar ba ta faɗin wane baki ne arewa. Wannan ya danganta da gefen maganaɗisun da aka goga. Sai a tantance da hantsi ranar da gari ya washe: wanda ya fuskanci mafitar rana, arewa na hagunsa. A shafa wa bakin da ke duban can ɗan fenti.

Na biyu, duk wani ƙarfe da ke kusa yana jan allurar. Kwanon ƙarfe, da keke, da ƙusoshin tebur, da shi kansa maganaɗisun da aka yi aiki da shi, duk sai a nisanta su. Haka kuma wayar da lantarki ke bi ta cikinta, kamar yadda Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya gano a 1820.

Na uku, arewar da allura ke nunawa ba daidai take da arewar taswira ba, kuma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 1831 James Clark Ross ya same ta a arewacin Kanada. Tun daga lokacin ta yi ta matsawa zuwa wajen Saberiya. A ƙasar Hausa bambancin arewar biyu ƙanƙane ne, saboda haka allurar ta wadatar. Misali, daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas, wato ba gabas sak ba, ta ɗan karkata arewa.

Tambayoyi Don Nazari

1. Me zai faru in aka goga allurar da ɗaya gefen maganaɗisun?
2. Don me tsinken tsintsiya ba zai yi wannan aiki ba, komai yawan gogawa?
3. A haɗa batirin tocila da guntuwar waya na ɗan lokaci kaɗan, a gitta wayar bisa allurar a kan tsawonta. Me aka gani, kuma me ya sauya da aka juya batirin?