Aikin Gona na Masu Ilmi: Bayani Ga Hakimai da Malamansu

A ƙasarmu, in an ce yaro ya yi karatu, sai mutane su ɗauka ya rabu da fartanya ke nan har abada. Uba ya kan so ɗansa ya zama likita ko alƙali, amma da wuya ka ji wanda ya roƙa wa ɗansa aikin malamin gona. Wannan kuskure ne, ƙauyukanmu kuwa su ke shan wahalarsa. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wa Hakimai da malamansu ayyuka uku na ilmin gona, domin su san abin da za su gaya wa iyayen yara.

1. Masu Bincike

Mai bincike shi ne wanda ke neman dalilin abin da ya sami shuka ko dabba, sa'an nan ya nemi maganinsa. An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya, a shekarar 1922, aka kuwa haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan a ke binciken dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. A Shika a ke binciken kiwo, a Badeggi shinkafa da rake, a Maiduguri gero da alkama. Vom kuwa, tun 1924, ita ce cibiyar binciken cututtukan dabbobi da haɗa alluran rigakafi.

Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, sa'ad da kuturtar gyaɗa ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa. Waɗansu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye su ke ɗaukar cutar daga wannan shuka zuwa waccan. Masu bincike suka yi ta aurar da iri da iri, suna shukawa, suna zaɓe, damina bayan damina, har suka sami irin gyaɗa mai jure wa cutar, kamar waɗanda a ke kira SAMNUT. Fitar da iri ɗaya ya kan ci shekara goma. Saboda haka wannan aiki ba na mai gaggawa ba ne. Yana bukatar yaro mai haƙuri, mai lura, mai rubuta abin da ya gani ba abin da ya so ya gani ba.

2. Malaman Gona

Iri mai kyau ba shi da amfani muddin yana ajiye a Samaru. Malamin gona shi ke kai shi ƙauye. Ya kan nemi manomi amintacce su buɗe gonar gwaji a bakin hanya, a shuka sabon iri gefe guda, tsohon iri gefe guda, domin kowa ya gani da idonsa, gama gani ya kori ji. Shi ke nuna tazarar shuka, da lokacin zuba takin zamani, da yadda a ke feshi ba tare da an cutar da kai ba.

Har ila yau shi ke ɗaukar kukan manoma ya kai wa masu bincike. Lokacin da baƙuwar tsutsa mai cinye masara ta ɓullo a Nijeriya a 2016, an ga muhimmancin mutumin da zai ga ɓarna da wuri ya kai rahoto. Domin ƙarfafa wannan zumunci ne aka kafa sashen haɗa bincike da manoma a 1963, wanda ya zama cibiyar NAERLS ta Zariya. Yawancin malaman gona kuwa suna aiki ne a hukumomin raya aikin gona na jihohi, waɗanda tushensu shi ne shirin da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gwambe wajen 1975.

Lalle ne a lura da abu guda. Mata su ke sussuka da ɓarzar gyaɗa da kiwon awaki da kaji, namiji kuwa ba shi da ikon shiga gidan kulle. In gunduma ba ta da malamar gona mace, to rabin mutanenta babu mai koya musu kome.

3. Masu Koyarwa

Su ne ke horar da waɗancan biyu. Akwai malamin da ke koyar da ilmin gona a makarantar sakandare, akwai na kwalejojin aikin gona kamar na Samaru da Kabba da Mando a Kaduna da Ɗambatta, akwai kuma na jami'o'i. Malamin kirki a nan shi ne wanda ba ya jin kunyar tuɓe riga ya shiga gonar makaranta tare da almajiransa.

4. Hanyar Shiga

Domin shiga jami'a, ana bukatar yaro ya gama sakandare da kiredit biyar, a cikinsu har da Turanci da lissafi da ilmin sinadarai da ilmin halittu ko na aikin gona, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. A kwaleji, ƙaramar difloma shekara 2 ce, babba kuma shekara 2. A jami'a, digirin aikin gona shekara 5 ne, na likitan dabbobi 6. Wanda ke nufin zama mai bincike sai ya ƙara da digiri na biyu da na uku. Kada a ɓoye wa yara gaskiya: aikin yana da shiga rana da doguwar tafiya, guraben gwamnati kuma ba su da yawa. Amma kamfanonin iri da na takin zamani da manyan gonaki su ma suna ɗaukar masu wannan ilmi.

5. Abin da A Ke Roƙon Hakimai

Na ɗaya, a umarci dagatai da masu unguwanni su kawo sunayen yaran da suka gama sakandare da darussan kimiyya, maza da mata, malamin Hakimi ya rubuta su a littafi.

Na biyu, a taimaki waɗannan yara wajen samun takardar shaidar ƙaramar hukuma da neman tallafin karatu na jiha kafin lokaci ya ƙure.

Na uku, in malamin gona ya zo gunduma, a gabatar da shi a fada, a ba shi fili mai kyau na gwaji. In Hakimi ya halarci ranar nuna amfanin gonar da kansa, talakawa za su zo, yara kuma za su ga cewa aikin yana da daraja.

Baƙo, kome ilminsa, sai ya shekara yana koyon ƙasa da halin mutanenta. Ɗan gari kuwa ya san fadamar da ke riƙe ruwa, ya san jigawar da ƙuduji ya cinye, ya kuma san dattijon da in ya karɓi sabon abu kowa zai karɓa. Gundumar da ta tura 'ya'yanta wannan karatu bana, ita za ta sami masu ba ta shawara nan da shekara biyar.