Katsina zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Sama?

A aikin Hajjin 2023 kakata ta tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina. Da muka koma Gangara, Baba ya ce, "Kai ɗan boko, ƙarfe nawa za su sauka?"

Na ɗauko biro. Tsakanin Katsina da Jidda kusan kilomita 3,500 ne in an miƙe. Jirgin fasinja kan yi wajen kilomita 850 a awa. Raba nisa da gudu, ka samu awa huɗu da 'yan mintuna. Na faɗa da gadara. Wallahi ranar babu wanda ya runtsa a gidanmu, lokacin ya wuce, waya shiru.

Lissafin daidai ne, amma na littafi ne. Jirgi ba ya kama wannan gudun sai ya gama hawa sama, kuma yana ragewa tun kafin sauka. Babban abin da na manta shi ne Sudan. Miƙaƙƙiyar hanya ta kan Chadi da Sudan take bi, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye. Ga layin jami'an shige da fice kafin mutum ya sami sukunin kira.

Sai agogo: Saudiyya ta riga mu da awa biyu, kuma lokacin saukar da ke kan tikiti nasu ne. Cire biyun nan kafin ka lissafa.

Hajiya Kaka dai sai da hantsi ta kira, da wayar wata 'yar Jibiya.