DARASI: ME YA SA GIDANMU NA BIRNI YA ƘI SAYUWA?

 

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata matsala da ta addabi gidaje da dama a ƙasar Karaye da Rogo. Mutanenmu sun daɗe suna aiki da karin maganar nan, gida biyu maganin gobara. Manomi in ya sayar da masara ko rake ya sami rara, ɗan kasuwa in Allah Ya buɗa masa, ma'aikaci in ya karɓi kuɗin sallama, sai ya nufi Kano ya sayi fuloti ko ginannen gida, da yawa a unguwannin da hanyar Gwarzo ta ratsa, irin su Janguza da Rijiyar Zaki da Kabuga. Wasu ma irin ginin zamanin nan suke saya, wanda ake ce wa fulat. To, ranar da ta Allah ta kasance ga maigida, ko wata larura ta taso, sai a sa gidan a kasuwa. Wata uku shiru, wata shida shiru, shekara ta zagayo ba a ga mai saye ba.

A irin wannan jira, mace ce ta fi jin jiki. Matar mamaci ta gama takaba tana jiran tumuninta ta ja jari, marayu na jiran kuɗin makaranta, 'ya mace na gidan miji ana ta ce mata "a ƙara haƙuri". Shi ya sa ya kamata ki san dalilan da kan hana gida sayuwa. Ki riƙe wannan tun farko: mai sayen gida kwanciyar hankali yake nema da kuɗinsa. Duk abin da zai jawo masa shari'a ko asara, to gudunsa zai yi, kome kyan fenti.

DALILI NA FARKO: GADON DA BA A RABA BA

Abin da mai saye yake fara tambaya shi ne, gidan wa ye? Da zarar ya ji an ce na magada ne, sai ya sake tambaya, duk sun yarda? A nan ne ciniki da yawa kan mutu. Babban wa yana Kano yana so a sayar, ƙani yana Rogo bai san an sa a kasuwa ba, mata kuma ba wanda ya tuntuɓe su.

Shari'a ta tsara abin daki-daki. Ana fara yi wa mamaci sutura daga dukiyarsa, a biya bashin da ake bin sa, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Ga misali don ki gane. A ce an sayar da gida naira miliyan 24, ba bashi ba wasiyya, iyayen mamacin sun riga shi rasuwa, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3. Matar tana da tumuni, wato miliyan 3. Saura miliyan 21 a kasa shi kashi 7: kowane namiji miliyan 6, kowace mace miliyan 3. Kin ga ke nan mutum shida ne masu gidan nan, ba mutum ɗaya ba, kuma sa hannun ɗaya ba ya wadatarwa sai in sauran sun wakilta shi.

Akwai kuma hukuncin shuf'a, wanda masu karatun Risala a Islamiyya suka sani. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda yake nan kuma ya sani ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya gari yana nan da haƙƙinsa har ya dawo. Wane ne zai zuba miliyoyinsa a inda gobe wani zai iya dawowa daga tafiya ya ce a ba shi? Haka nan in akwai maraya da bai balaga ba, kasonsa ba ya sayuwa sai ta hannun wasiyyinsa ko da izinin alƙali.

In kuwa gidan ba zai rabu ba sai da ɓarna, kuma wani magaji ya nemi a sayar, to hukuncin shi ne a tilasta wa wanda ya ƙi. Saboda haka ba daidai ba ne mutum ɗaya ya riƙe 'yan'uwansa shekara da shekaru da cewa wai "gidan babanmu ba zai fita ba".

DALILI NA BIYU: TAKARDA

A nan gida, in za a sayar da gona ko kango, shaidar mai unguwa da dagaci da dattawan da suka san iyaka takan gamsar da mai saye, domin kowa ya san kowa. Birni ba haka yake ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka ta filayen birni, wadda aka fi sani da C of O, kuma dokar ta ce ba a sayar da irin wannan fili ko a jinginar da shi sai da amincewarsa. A Kano, hukumar KANGIS ce ke adana bayanan filaye, KNUPDA kuma ita ke ba da izinin gini.

Gidaje da yawa da mutanenmu suka saya a gefen gari awon igiya ne, wato gona ce aka yayyanka ba tare da tsarin hukuma ba. Takardarsu ba ta wuce 'yar shaidar ciniki da aka rubuta da biro ba, wani lokaci ma ita ɗin ta ɓace, ko gara ta cinye ta a adaka. Wani gidan kuma yana da satifiket, amma da sunan mutumin farko da ya sayar tun shekaru 20 da suka wuce, ba a taɓa canja suna ba.

Masu saye sun ƙara taka-tsantsan tun watan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin jiha ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi bisa hujjar cewa filayen jama'a ne. A ƙarshen 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin sabunta takardun mallaka a jihar. Yau mai saye yakan tura lauya ya binciko asalin fili kafin ya ba da ko kafin alƙalami. Gidan da ya ci hanya, ko ya hau magudanar ruwa, ko yake ƙarƙashin babbar wayar lantarki, da wuya ya tsallake wannan bincike.

DALILI NA UKU: FARASHI DA DILLALAI

Mai gida yakan yi wa gidansa kuɗi da zuciya. Yana tuna wahalar da ya sha, yana lissafa abin da ginin zai ci yau. Gaskiya ne kayan gini sun yi tsada. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Amma ki lura, tsadar da ta ɗaga kuɗin gini ita ce kuma ta rage kuɗin da ke aljihun masu saye. Ga shi mafi yawan cinikin gida a wajenmu kuɗi hannu ne, domin Musulmi na gudun bashin banki mai ruwa, bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa kuma, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, takarda ingantacciya suke fara nema. Masu iya ajiye miliyoyi lokaci guda kaɗan ne, kuma gidaje da yawa ake kai musu.

Sai matsalar dillalai. An ba mutum ɗaya, shi ya faɗa wa abokinsa, abokin ya faɗa wa wani, kowa ya ɗora nasa. Gidan da masu shi suka ce miliyan 20, kafin ya isa kunnen mai saye ya zama 26. In mai saye ya ji farashi uku a kan gida ɗaya, sai ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Wasu kuma sukan turo masu tayin ƙarya don su ɗaga farashi. Wannan shi ake kira najashu, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Sau da yawa ma masu gidan yake cutarwa, domin sun ji tayin da ba na gaske ba, sai su riƙa cewa "albarka" ga mai saye na gaskiya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

DALILI NA HUƊU: WURI DA FASALIN GINI

Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Kano ta gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a wajen gari. Gini ne na zamani, ga tituna shimfiɗe, amma da yawa daga cikin gidajen sun daɗe a rufe ba kowa, har a 2025 gwamnati ta ba masu su wa'adin su tare ko su zuba 'yan haya. Darasin a nan shi ne, kyan gini kaɗai ba ya jawo mutane. Magidanci yana duba nisan kasuwa da makarantar yara da kuɗin mota kullum. Yana duba ruwa: akwai famfo ko rijiyar burtsatse, ko kuwa sai an sayi na 'yan garuwa? Yana duba ko lungun mota na shiga, ko unguwar tsohon kududdufi ne da aka cike, ruwa na kwanciya da damina.

Ke ma kin san abin da mace ke dubawa. Fulat ɗin bene wanda ba tsakar gida, ba wurin shanya, ba inda za a hura gawayi ko a yi taron suna, matakala ɗaya da maƙwabta, baƙo namiji kuma sai ya ratsa falo, ba kowane iyali ne zai iya zama a ciki ba. Mai mata biyu ma ba zai tsaya tayi ba. Irin wannan gini masu sayensa daban ne: ƙananan ma'aikata, ko mai son zuba 'yan haya. In aka yi masa kuɗin gida mai soro da fili, zai daɗe a kasuwa.

DALILI NA BIYAR: AIBIN DA AKA ƁOYE

Wasu sukan shafe tsagewar bango da fenti, su yi shiru a kan rufin da ke yoyo ko sokawe da ya cika, ko ɗan hayar da ya biya kuɗin shekara bai san ana sayar da gidan ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai saye zai tambayi maƙwabta, kuma da zarar ya kama ƙarya ɗaya, ba zai ƙara yarda da sauran maganar ba. A shari'a, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da haƙƙi a kan mai sayarwa, ko dai a rage masa kuɗi ko ya mayar, gwargwadon girman aibin. Ya kuma tabbata a hadisi cewa gaskiya da bayyana aibi su ke jawo albarkar ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuma su ke shafe ta. Kuɗin da za a ci da marayu ai ba ya buƙatar a gauraya shi da algus.

TO, MENE NE ABIN YI?

Da farko, ki nemi sani cikin ladabi. Ki ce, "Yaya, don Allah ina takardun gidan nan suke? Sunan wa ke jiki?" Tambayar haƙƙi ba rashin kunya ba ce. In maigidanki yana raye kuma yana da gida a birni, ki lallaɓa shi a lokacin da yake cikin nishaɗi ya gyara takardunsa, ya kuma nuna wa iyali inda suke. Ba fatan mutuwa ba ne, rigakafi ne.

Na biyu, a raba gado a gaban malami masani ko kotun shari'ar Musulunci, a rubuta kason kowa. Sannan magada duka, maza da mata, su wakilta mutum ɗaya a rubuce da shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka kada kunya ta hana mu rubutu.

Na uku, a samu dillali ɗaya amintacce, a yanke la'adarsa tun farko, a tsayar da farashi ɗaya. A tambayi nawa aka sayar da gidajen da ke kusa, ba nawa aka sa musu ba. A share gida, a gyara abin da ya sawwaƙa, a faɗi wanda ba a gyara ba, a kuma sanar da 'yan haya da wuri, domin su ma suna da haƙƙi.

Na huɗu, ki sani kasonki naki ne. Ba miji, ba wa, ba kawu da ke da ikon sayar da shi ba da yardarki ba. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. In an ce ki yafe wa 'yan'uwanki maza, kyauta aikin lada ce in da daɗin rai aka yi, amma wadda aka karɓa da matsin lamba ba ta halatta ga mai karɓa. In kuma an sayar, ki nemi a saka miki kuɗinki a asusunki na banki, ko a damƙa miki a gaban shaidu.

Na biyar, in an yi duk wannan gidan bai sayu ba, a zuba 'yan haya a riƙa raba kuɗin bisa kason gado, ko wani magaji mai hali ya sayi kason sauran a farashin adalci. Gidan da aka rufe lalacewa yake yi, kullum darajarsa na raguwa, zumunci kuma na tsami.

Muna roƙon malamanmu mata su tattauna wannan darasi a wuraren ta'alimi, musamman da 'yan'uwanmu da ba su iya karatu ba. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin dukiyar marayu, Ya jiƙan magabatanmu.